Duk Gyara Ne

Sharaɗi ɗaya Hajiya ta kafa kafin ta yarda a koma maganar aurena da ɗanta, kuma ba ta yi wa kowa kwana-kwana ba.

"Ranar da ta miƙo min ruwa da hannunta na dama, na karɓa na sha, ranar za mu sake zama. Ni ba gaggawa nake ba, kada wanda ya gaggauta mata."

Ɗan nata, Lauya, shi ya kawo min saƙon. Yana zaune a bakin gadona, idonsa ya kaɗa ya yi ja, yana jujjuya zoben da ya sa min a yatsa. Tun yana makaranta nake ce masa Lauya, har sunan ya bi shi cikin gidanmu, Umma ma da shi take kiransa.

An riga an tsayar da ranar aurenmu lokacin da abin ya same ni. Ina gaban allo ina rubuta wa 'yan ajina aikin gida, alli ya suɓuce daga yatsuna. Na sunkuya zan ɗauka, ban sake sanin inda kaina yake ba sai a gadon asibiti. Likitoci suka ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwata, ɓarin jikina na dama ya shanye.

Ƙafa ta ji tausayina ta dawo da wuri. Hannu kuwa ya kwanta a cinyata kamar na aro, yatsun suka kumbura har sai da aka mayar da zoben hagu. Harshena ya yi nauyi, ni da nake wuni ina yi wa yara tsawa. Idan kuma aka yi min magana da sauri, sai rabi ya shiga, rabi ya zube a hanya.

Na yi kuka a kan sharaɗin Hajiya, amma ban ga laifinta ba. Mace ce da za ta faɗa maka abin da ke ranta ido da ido, ta tashi ta karkaɗe zaninta. Irinsu ba sa ba ni tsoro. Ashe wanda ya kamata in ji tsoro yana nan kusa da ni, yana share min hawaye da hankicinsa.

"Za ki miƙa mata," ya ce. "Ko shekara nawa za a ɗauka, ina nan."

Daga ranar ya zama bakina. Shi yake kai ni sashen gashin ƙashi, shi yake dawo da ni. Idan likita ta yi tambaya, kafin in lalubo kalmar ya riga ya amsa. Ni kuma daɗi nake ji, don kunyar maganata nake yi. Wace mace ce ba za ta so a tsaya mata haka ba?

A ɗakin ƙarshe na sashen suke ajiye tabarau. Haka kowa yake kiransa, amma ba irin na karatu ba ne. Wani abu ne mai kauri kamar ƙaramin akwati. A ɗaura maka shi a fuska, a sa maka abin sauraro a kunne, a maƙala maka wasu 'yan na'urori a wuyan hannu da gwiwar hannu. Da an kunna, ɗakin ya ɓace, likita ta ɓace, sai ka tsinci kanka a wani kicin fes-fes wanda ka san ba a taɓa ɗora tukunya a cikinsa ba. Ga tebur, ga kanta, ga kofi, ga kuma hannu a gabanka. Idan ka motsa naka, shi ma ya motsa.

Ranar farko likitar ta yi dogon bayani. Doguwar mace ce mai fara'a, amma magana take kamar ana jiranta a waje. Abin da na iya tsinta shi ne, ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabuwar hanya idan tsohuwar ta toshe, kuma tana koyo ne idan ta ga hannu yana aiki, aka maimaita, aka sake maimaitawa. Sauran bayanin ya wuce ni. Na ga Lauya yana gyaɗa kai yana jefa mata tambayoyi, sai na saki jiki, na ce ai akwai mai ji min.

Wasanni kala-kala ne a ciki, akwai tsinkar lemo, akwai goge taga, akwai jera littattafai. Ni kuwa kofi na nace wa.

"Ke da kofin nan kamar kun yi alkawari," in ji likita tana dariya.

Murmushi kawai na yi, ban gaya mata aurena ne a cikinsa ba.

A hankali hannun cikin tabarau ya fara tashi. Daga tebur ya kai ƙirji, daga ƙirji ya kai kanta. Ranar da na ɗora kofin a kanta ta sama, na ji ƙararrawar nasara a kunnena, kuka na fashe da shi har gilashin ya yi hazo.

Amma a gida labari daban ne. Idan na ɗauki kofin roba, da ƙyar yake wuce cibiyata, kafaɗa ta ɗage, yatsu su hau rawa. Na tambayi Lauya da guntuwar maganata.

"Tsoro ne," ya ce, ko tsayawa tunani bai yi ba. "Likita ta ce hannun ya san hanya, ke ce kike tsoron idon mutane. A cikin tabarau ba mai kallonki. Ba da idonki kike ganin yana tashi ba?"

Da idona nake gani. To me zan ce?

A bencin jira akwai wani da ya addabi kowa da surutu. Mai ɗaukar hoto ne, mota ta buge shi yana bakin aiki, kansa ya bugu, shi ma hannun damansa ya tafi hutu. Shi ya raɗa wa kansa Bahagon Dole. Tun ganin farko ya sa min ido, kuma ba ya kunyar nunawa.

"Malama, ki duba lamarin nan da kyau," yakan ce. "Hagunki da haguna, hannu biyu ke nan. Gida ya tsayu."

Idan Lauya ya haɗe rai, sai ya ɗaga hagunsa sama. "Ranka ya daɗe, ba ƙwace zan yi ba. Layi kawai na hau."

Lauya bai taɓa bari mu yi doguwar hira ba. Da Bahago ya fara zancen tabarau, sai ya ce mu je mu jira a mota. Na ɗauka kishi ne, har kaina yana wani kumbura.

Wata rana ina cikin kicin ɗin nan nawa, ina ta ɗaga kofi kamar mai rabon ruwa a taro, abin sauraron ya ɗan zame daga kunnena. Na jiyo muryar likita tana magana da Lauya a gaban kwamfutar da suke kallon aikina.

"...wannan tashin da kake gani, duk gyara ne. Ka gane ko?"

"Na gane," ya ce.

Zuciyata ta yi tsalle. Duk gyara ne! Hannuna ya gyaru, likita ta faɗa da bakinta! Muna shiga mota na kamo rigarsa da haguna.

"Na ji... na ji ta. Ta ce gyara."

Ya yi shiru yana kallon sitiyari. Yanzu idan na tuna shirun nan, ji nake kamar in mari kaina. Can ya juyo da murmushi.

"Kin ji da kunnenki ko? Duk gyara ne. To me muke jira kuma? Bari in ce wa Hajiya ta zo ƙarshen makon nan."

Umma ce kawai ta ja baya.

"Anya kuwa, Lauya? Jiya-jiya cokali ya faɗi a hannunta. Hajiya da kanta ta ce ba gaggawa."

"Umma, likita ta fi mu sani," ya ce a ladabce.

Yayana, wanda shi ne uba a gidanmu tun rasuwar Baba, ya goya masa baya. "A yi a wuce wurin, Umma. Na gaji da tambayar mutane, kullum yaushe, yaushe."

Ni kuwa har addu'a na yi Allah ya kawo ƙarshen mako da sauri.

Da yamma suka zo, Hajiya da ƙanwarta da kowa ke ce wa Anti, mai kallon mutum kamar tana neman inda ya fashe. Na yi kwalliya, na sa riga mai faɗin hannu don ta ɓoye ramar damtsena. Bayan an gaisa na shiga kicin, na ɗauko kofin robar da na saba da shi. Lauya ya leƙo.

"Haba dai. Hajiya ba ta shan ruwa a roba. Ɗauki na gilashi."

Shi ya zuba ruwan da kansa, ya cika shi har baki.

Na fito ina riƙe da kofin a dama, haguna na tallafe da ƙasansa. Falon ya yi tsit. Na je gaban kujerar Hajiya na durƙusa, na janye hagun.

A raina ina cewa, ba kowa a nan, kicin ne, ga kanta can sama. Tashi.

Hannun ya tashi kaɗan. Ya kai inda ya saba kaiwa, ya tsaya cak. Na cije leɓe, na tura kafaɗa. Ruwa ya fara tsalle a bakin kofin. Na ga hannun Hajiya ya taho ƙasa zai tare ni, wallahi na gani, amma kafin ya iso yatsuna sun buɗe da kansu. Kofin ya faɗa cinyarta, ruwa ya jiƙa ta har ƙafa, ya gangara ƙasa ya tarwatse.

"Innalillahi!" Anti ta miƙe tana kaɗa gyale. "Wannan ce aka ce ta warke? Don Allah wa ake yaudara? Kiranmu aka yi a yi mana wanka?"

"Ya isa," in ji Hajiya.

Ba ta ko goge jikinta ba. Ta ɗaga ido ta dubi ɗanta.

"Kai ka ce min ta warke."

"Haka na zata, Hajiya." Ya kauce wa idonta. "Ita ma haka ta ce min."

Na buɗe baki, kalma ko ɗaya ta ƙi fitowa. Kuma ai ba ƙarya ya yi ba, ni na kamo rigarsa a mota na ce masa an ce gyara.

Hajiya ta sunkuyo ta dube ni, ba faɗa a fuskarta, shi ya fi ciwo.

"Yarinya, Allah ya ba ki lafiya. Ciwo ba laifin kowa ba ne, da na jira ki. Amma ƙarya ba na zama da ita. Da kin ce ba ki shirya ba, wa zai kama ki?" Ta miƙe. "Maganar nan a bar ta haka nan."

Suka fita. Lauya ya bi su yana kiran "Hajiya, Hajiya," ni kuma ina durƙushe a cikin ruwa da fasassun gilashi har sai da Umma ta ɗaga ni.

Yaya bai bari ko numfasawa na yi ba.

"Kin ga abin da kika ja? Yaron nan ya bar aikinsa ya zama direbanki, ke kuma kin kunyata shi gaban uwarsa! Idan kin san ba za ki iya ba, me ya hana ki faɗa?"

"Ki kira shi," Umma ta ce tana share ido. "Ki ba shi haƙuri. Irinsa ba a samu sau biyu."

Na kira shi. Allah shi ne shaida, na kira shi ina kuka, ina haɗa kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya yafe min, tsoro ne ya sake kama ni, na zubar masa da mutunci.

Shi ma kuka ya yi min a waya.

"Ba komai, na yafe miki. Ƙaddara ce. Zan yi ta roƙon Hajiya, ki dai ba ni lokaci."

Daga nan shari'o'i suka yi masa yawa. Yau yana kotu, gobe yana tafiya. Ranar asibiti ta zagayo ba mota a ƙofar gida, Umma ce ta raka ni a tasi. Ta ajiye ni a benci ta tafi karɓo min magani.

Bahagon Dole yana nan a mazauninsa.

"A'a, Malama! Yau ina mai gadin?"

Na sunkuyar da kai. Ya leƙa fuskata, ya ga yadda idona ya kumbura, sai ya rage murya. Can ya gyara zama, da alama so yake ya sa ni dariya.

"To ki taya ni murna. An rage min gyara. Saura ƙiris in tsaya da ƙafata, ko in ce da hannuna."

Na ɗago. "An rage... kake murna?"

"To da fa? Ke har yanzu da yawa ake miki?"

Na zuba masa ido. Ya ga ban gane ba.

"Gyara mana, Malama, irin na kasuwa. Kin sayi tumatir, mai kaya ya ɗora miki biyu a kai, ba gyara ke nan ba? To haka na'urar nan take yi. Ki ɗaga hannu taƙi ɗaya, ita ta nuna miki kamu guda, don ƙwaƙwalwa ta ji ƙwarin gwiwa ta ci gaba. Kina samun sauƙi ana ragewa. Ranar da aka cire duka, hannun ciki da na waje sun zama ɗaya. Ai tun ranar farko ake faɗa wa kowa." Ya tsaya. "Ba a faɗa miki ba?"

Muryar likita da ta Lauya na ranar nan suka dawo min a kunne.

Wannan tashin da kake gani, duk gyara ne. Ka gane ko?

Na gane.

"Malama? Subhanallahi, na yi ɓaranɓarama ko?"

Na tashi, ban jira a kira ni ba, na tura ƙofar ɗakin ƙarshe. Likita tana goge tabarau da auduga.

"Likita. Yau da ni... za ki yi magana. A hankali."

Ta dube ni, ta ajiye audugar, ta jawo kujera ta zauna a gabana. Na ba ta labarin kofi tun daga sharaɗin Hajiya. Ya ɗauke ni lokaci, amma ba ta katse ni ba. Ina kaiwa wurin gilashi ta dafe kai.

"Gilashi? Cike da ruwa? Ni da na ce masa kada a ba ki abu mai nauyi ko mai fashewa! Na ce masa kina ci gaba, amma da sauran tafiya, gyaranki har yanzu ya fi rabi. Har allon na juya masa, na nuna masa inda hannunki na gaskiya yake tsayawa."

"Me ya sa... ni ba ki gaya min ba?"

"Ya ce kin sani. Ya ce ranki ne yake ɓaci idan ana tuna miki, in riƙa bi ta wurinsa." Ta kama haguna ta riƙe. "Laifina ne. Ke ce mara lafiyata, ba shi ba. Ki yafe ni."

Ita dai ta nemi yafiya a kan nata laifin. Ni kuwa an sa na nemi yafiya a kan na wani.

"Ɗaura min," na ce. "Ki cire gyaran. Duka."

"Zai yi miki ciwo ki gani."

"Cire."

Kicin ɗin ya dawo, fes-fes kamar kullum. Na kama kofin, na ɗaga. Hannun ya bar tebur, ya ɗan hau, ya tsaya yana rawa. Kanta tana can sama, ko kusa bai yi ba. Nan take na gane shi, shi ne wanda nake kwana da shi nake tashi da shi.

"Lokacin da kika zo ko yatsa ba kya ɗagawa," na ji muryar likita. "Wannan ɗin babu ƙarin kowa a ciki."

Ban yi kuka ba. Kukan da nake da shi na riga na ɓarnatar da shi a waya.

Ina fitowa Bahago ya miƙe tsaye. Ba wasa a fuskarsa.

"In akwai abin da hagu ɗaya zai iya, ki faɗa."

"Ka riga ka yi," na ce masa.

Daga tasi na aika wa Lauya saƙo cewa ya zo gida yau, ina da magana mai daɗi. Ya zo kuwa, da yamma, da ƙamshin turarensa da fuskar tausayi. Umma da Yaya suka ba mu falo, suna zaton sulhu ne, amma ina ganin ƙafafunsu a ƙasan labule.

"Zauna nan," na ce, na nuna masa kujerar da Hajiya ta zauna.

Ya zauna. "Ya jikin? Kin rame. Wallahi ban daina yi wa Hajiya..."

"Mene ne gyara?"

Ya ƙifta ido. "Wane irin gyara?"

"Lauya. Bakina ne ya yi nauyi. Ba kaina ba."

Na ga lokacin da ya gane. Kafaɗunsa suka sauka, ya kawar da kai yana kallon taga.

"Wancan mai surutun ne ko?"

"Ni nake tambaya."

"Tausayi ne. Ranar da kika ɗora kofin nan kina kuka don murna, ta yaya zan dube ki in ce ba ke ba ce? Da wane baki?"

"Na yarda. Wannan tausayi ne. Ranar mota fa?"

Ya ci gaba da kallon taga.

"Ka san na ji kalmar... ban ji ma'anarta ba. Ka yi shiru. Ka yi lissafi. Ina kallonka."

"Ki saurare ni..."

"Wa ya ce na gilashi?"

"Na ɗauka ko Allah zai..."

"Wa ya cika shi har baki?"

Sai ya rufe fuska da tafin hannuwansa, duka biyun, masu lafiya, ya fashe da kuka.

"Na gaji! Wallahi na gaji! Kullum asibiti, kullum benci, kullum in ga kina fama da cokali. Ina sonki, Allah ya sani, amma idan na hango gaba sai numfashina ya ɗauke. To ta yaya zan buɗe baki in ce na fasa? Me mutane za su ce? Ga wanda ya gudu ya bar yarinya a kan ciwo? Ina zan sa kaina?"

"Shi ne ka ba hannuna aikin."

"Ban yi niyyar..."

"Ka yi shiru. Ka daɗe kana magana a madadina, yau ka bar ni in gama." Ban san daga ina kalmomin suke zuwa ba, suna tuntuɓe amma suna zuwa. "Da ka ce ka gaji, da na yi kuka. In zage ka. In haƙura. Ni ma na gaji da hannun nan, ina da inda zan ajiye shi ne? Amma ka durƙusar da ni gaban uwarka. Ka tsaya kana ji ta kira ni maƙaryaciya. Ka bari na kira ka a waya, da wannan bakin, ina ba ka haƙuri." Na nuna shi da haguna. "Kuma ka karɓa, Lauya! Ka ce ka yafe min!"

Labule ya ɗaga. Umma ta shigo tana kuka, Yaya na bayanta, fuskarsa kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan," in ji Umma. "Tunda ya amsa laifinsa, a rufa wa juna asiri. Zuciya ce, kowa yana gajiya. Idan kika kore shi, a halin da kike ciki wa zai..."

Ta kama bakinta, amma na riga na ji sauran.

"Umma, ki ƙarasa mana. Wa zai ɗauki mai hannu ɗaya?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Ko ba kowa, Umma. Ba shi ba dai."

Na dubi Yaya. Shi da ya cika gida da faɗa ranar nan, yau ƙasa yake kallo.

Lauya ya miƙe yana goge fuska. Ganin Umma ta tsaya masa, sai muryar kotu ta fara dawo masa.

"Ki ba ni dama ɗaya. Na yi kuskure, na sani. Zan gyara."

Dariya ta kufce min, irin wadda ta fi kuka ɗaci.

"Kalmar nan ka bar ta. Ta ishe ni."

Na koma na zauna da kyau. "Abu ɗaya za ka yi. Ka je ka gaya wa Hajiya wanda ya cika kofin. Ba don aure ba, aure ya mutu. Don ba ni ce maƙaryaciyar ba. Idan ba ka faɗa ba, ni zan je. Zan daɗe ina faɗa, amma zan gama."

Na sa haƙori na zare zoben daga yatsan haguna. Na buɗe yatsun dama ɗaya bayan ɗaya, na sa shi a tsakaninsu, na matse. Sannan na janye hagun na ɓoye shi a bayana.

Na ɗaga.

Hannun ya bar cinyata. Ya hau kaɗan, ya kai cibiyata, ya tsaya inda ya saba tsayawa, yana rawa. Lauya yana tsaye a kaina, ya miƙo tafin hannunsa can sama daidai ƙirjinsa, yana jira in kai masa.

"Iya nan yake kaiwa," na ce. "Babu gyara. In kana son zobenka, ka sauko ka karɓa."

Ya dubi Umma, ta kawar da kai. Ya dubi Yaya, Yaya ya nuna masa ƙasa da haɓa.

Damtsena yana zafi kamar ana zuba masa barkono, gumi yana bin bayana, amma yatsun ba su saki ba. A hankali gwiwoyinsa suka sauko, daidai inda kofin ya fashe. Sai da na ji sun taɓa ƙasa, sannan na buɗe yatsuna da kaina.